Amsa: Ana iya shiga tsohuwar masana'antar sukari ta Domino?

Ɗan'uwa, ka ce kana New York, ka ga hotunan kangon masana'antar sukari ta Domino da ke Williamsburg a Brooklyn, kana so ka shiga ka ɗauki naka. Gaskiya wannan kangon babu shi yanzu. An daina aiki a can a 2004, wurin ya yi shekaru a yashe, sannan aka rushe yawancin gine-ginen. Babban ginin jan bulo da aka ɗaga bayan gobarar da ta ci masana'antar a 1882 shi aka bari, aka gyara cikinsa ya koma ofisoshi a 2023.

Duk da haka ka je. Filin shaƙatawa na Domino Park, wanda aka buɗe a 2018 a bakin kogi, kyauta ne, kuma an ajiye tsofaffin tankunan ruwan sukari da manyan ƙarafunan ɗaga kaya a inda kowa zai gani.

In kuma wani kangon masana'antar sukari ka hango, don Allah kada ka tsallaka katanga. Doka ce za ka karya, amma abin da ya fi damuna tankunan ne. Ragowar sukari na ruɓewa a ciki ya cinye iskar numfashi, mutum ya leƙa ya suma ba tare da ya ji wari ba. Ga benaye masu tsatsa, ga ƙurar asbestos, wani sinadari mai cutar da huhu, a jikin bututu. Ka nemi izinin mai wurin a rubuce, ka tafi da abokin tafiya da rana, da takalmi mai ƙarfi da abin rufe hanci.