Tambaya da Amsa: Soson Teku Mai Ƙashin Alli

Tambaya daga wata ɗalibar lise, unguwar Birni, Zinder: Malam, an koya mana cewa soson teku dabba ne, kuma akwai wani rukuninsa mai ƙashin alli da ke zaune a duwatsun murjani. Ina ƙashi a jikin abin da ba shi da kai, ba shi da ƙafa? Me ya raba shi da sauran?

Amsa: Ƴata, dabba ne, sai dai ba shi da baki, ba hanji, ba jijiyoyi. Da tace ruwa yake rayuwa. Ruwa na shiga ta ƙananan ƙofofi da suka cika fatarsa, ya ratsa hanyoyin ciki, ya fita ta babbar ƙofa a sama. Masu tura ruwan wasu ƙwayoyin halitta ne da ke jere a bangon ciki, kowace da bulala ɗaya da kwala kewaye da ita. Bulala ta kaɗa ruwa, kwala ta kama bakteriya da ɓarɓashin abinci.

Ƙashin da kike tambaya ƙananan allurai ne birjik, saƙe cikin naman. An san nau'in soso sama da 9,000, an kasa su aji huɗu. Aji guda kaɗai, mai suna Calcarea, ke gina alluransa da kalsiyom kabonat, sinadarin ɓawon ƙwai, kuma bai kai kashi ɗaya cikin goma na jimlar ba. Alluran sauran na silika ne, sinadarin gilashi, wasu kuma ba su da allura sam. Allurar mai alli tana da tsini biyu, uku ko huɗu. Mai tsini uku ta fi yawa, kuma ƙwayoyin halitta shida ke haɗuwa su ƙera ta, biyu ga kowane tsini.

Ginin jikin yakan zo iri uku. Akwai bututu mai siririn bango wanda masu bulala suka lulluɓe cikinsa duka, kamar na Clathrina. Akwai wanda bangonsa ya naɗe ya zama aljihuna a jere, kamar na Sycon. Na uku mai kauri ne, cike da hanyoyi da ɗakuna kamar shurin gara. Misalinsa Leucetta chagosensis, mai launin lemun tsami, wanda ake samu a Bahar Maliya da tekun Indiya har zuwa Ostireliya. Yawancin masu alli ƴan santimita ne, kuma sun fi son inuwa: kogo, ƙarƙashin dutse, tsagin murjani.

Ki riƙe wannan da kyau, domin nan ɗalibai ke faɗuwa: ginin jiki ba ya nuna dangantaka. A 1872 masani Bajamushe Ernst Haeckel ya kasa masu alli bisa tsarin hanyoyin ruwa, aka zo aka ga rabon bai tsaya ba. A 1898 masani ɗan Ingila George Bidder ya raba ajin gida biyu, Calcinea da Calcaronea, kuma binciken ƙwayoyin gado ya goyi bayansa daga baya. A gidan Calcinea, allura mai tsini uku tana da kusurwa daidai wa daida, digiri 120 kowace, cibiyar ƙwaya mai bulala, wato ma'ajiyar gadonta, kuma tana ƙasa. A gidan Calcaronea, kusurwa ɗaya ta bambanta da sauran biyun, cibiyar kuma tana sama, kusa da gindin bulala. Clathrina da Leucosolenia duk bututu ne a ido, amma gidansu ba ɗaya ba.

Tambaya daga wani malamin kimiyyar halittu, Mirriya: A ɗakin gwajinmu akwai tsohuwar kwalba da soso a ciki, takardar jikinta ta goge. Madubin likita guda muke da shi. Yaya zan gane ko mai alli ne?

Amsa: Malam, kayan da kake buƙata duk suna kasuwa: ruwan jabel, alkol, binegar da sabuwar reza. Ka yanko gutsure kamar milimita 5, ka tabbata ya haɗa da fata da naman ciki, domin alluransu sukan bambanta. Ka sa shi a bututun gwaji, ka zuba jabel ya rufe shi. Cikin minti 15 zuwa 30 naman zai narke, farin gari ya kwanta a ƙasa. Ka tsotse ruwan sama a hankali, ka zuba ruwa mai tsabta, ka jira kamar minti 10 garin ya sake kwantawa. Ka maimaita sau uku ko huɗu, sannan ka ƙarasa da alkol. Wanda ya yi gaggawar zubar da ruwan sama zai zubar da ƙananan alluran, su ne kuma sau da yawa ke raba nau'i da nau'i. In ba a wanke jabel sosai ba, gishirinsa zai bushe a kan gilashi ya yi ƙyalli irin na allura.

Ka ɗiga garin a gilashi biyu. Na farko ka duba shi a girma sau 100, ka lura da yawan tsini da kusurwa. Kada ka yanke hukunci da allura ɗaya, ka duba ashirin ko talatin, saboda a bakin babbar ƙofa ko ƴan Calcinea sukan yi allurai masu karkata. A na biyu ka sa ɗigon binegar a gefe kana kallo. Allurar alli za ta fara cinyewa har ta ɓace, ta silika ba abin da zai same ta. Mutane da dama kan zuba binegar a kan soson gaba ɗaya, su ga kumfa su ce shi ke nan. Wannan gwaji yana ruɗi, domin soso mai silika ma yakan riƙe yashin murjani da ɓarɓashin ɓawo a jikinsa, su ne ke kumfar.

Kafin komai, ka bincika ruwan da ke cikin kwalbar. In fomalin ne, wato ruwan hana ruɓewa, da ya daɗe, yakan rikiɗe ya yi tsami ya cinye alluran alli, sai ka ga tsininsu ya dakushe ko ka rasa su gaba ɗaya. Soso mai alli a alkol mai ƙarfin kashi 70 ko sama ake ajiye shi. Asid ɗin nitirik da ake wanke alluran silika da shi kuwa, kada ya kusance shi ko kaɗan. Batun cibiyar ƙwaya sai da yanka mai sirantaka ƙwarai da rini da girma sau 1,000, don haka a makaranta ka tsaya kan kusurwar allura.

Tambaya daga wani masunci, Gidimuni: Nakan ga wani abu mai laushi manne da itace cikin tabki. Shi ne wannan? Ana wanka da shi?

Amsa: Ɗan'uwa, ba shi ba ne. Masu alli duk a ruwan gishiri suke. In soso ne ka gani, na ruwan daɗi ne, alluransa na silika, kuma suna sa ƙaiƙayi mai tsanani, saboda haka kada ka goga shi a jiki. Soson wanka na teku daga jinsin Spongia yake, mai zare mai laushi marar allura. Wanda ake sayarwa a kasuwar Dole kuwa busasshen ɗan tsiro ne mai yaɗo, dangin kabewa.