Yaƙin Bama da sojojinmu

Malam, ka tambaya ko da gaske ne 'yan Arewa sun yi yaƙin Hitila a Asiya. Ƙwarai kuwa, shi ne yaƙin Bama (ƙasar Burma, wato Myanmar ta yau) da tsofaffi ke faɗa. Turawan Ingila sun kwashi runduna ta 81 da ta 82 daga Afirka ta Yamma, suka kara da Japanawa a 1944 da 1945.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne kwarin kogin Kaladan, a yammacin Bama, inda sojojinmu suka fafata. Daji ne da tsaunuka, babu hanyar mota, sai jirgin sama ke jefo musu abinci da harsasai. Dubban 'yan dako, yawancinsu ba bindiga a hannu, su ke ɗaukar kayan yaƙi a ka. Hausa ma ana yawan amfani da ita a bataliyoyin Najeriya, har wasu hafsoshi Turawa sai da suka koye ta.