Amsa ga 'yar uwa mai tambaya kan kumburin jijiyar ƙwaƙwalwa

'Yar uwa sannu, Allah ya ba Inna lafiya. Kin ce sikana ta nuna anebirisim, wato kumburin jijiyar jini, a cikin kanta, lokotoro kuma ya ce jijiyoyinta ba irin na kowa ba ne, shi ne kike tambaya ko za ta yi aikin. Mu ma mun ga haka da yayata a nan Damagaram, bari in gaya miki abin da na sani.

Ita da fatar idonta na dama ta fara, ta sauko ta rufe ido, abu ɗaya tana ganinsa biyu, 'yan gida kowa na cewa iska ce har an kawo rubutu, ashe jijiyar jini ce ta kumbura kamar balan-balan tana danne jijiyar ido. Sai da muka je Yamai aka gane.

Maganar jijiyoyi kuma ki kwantar da hankali, ba ciwo ba ne, haka aka haife ta. A ƙasan ƙwaƙwalwa jijiyoyin sun yi zobe, shi ake kira zoben Wilis, kuma mutane da yawa nasu bai cika ba. Yayata bayan ƙwaƙwalwarta, wajen da ke kula da gani, daga wani reshe na jijiyar wuya yake samun jini maimakon ta ƙeya, kumburin kuma a daidai bakin wannan reshen ya fito. Lokotoron ya zana mana a bayan takardar magani, ya ce in aka toshe kumburin da ka har reshen ya toshe, ganinta zai iya tafiya. Shi ya sa suka ƙi taɓa ta sai da aka yi anjiyogarafi, ta cinya ake zura siririn tiyo a zuba ruwa mai nuna jijiya ɗaya bayan ɗaya.

Hanya biyu ce, ko a cusa zaren filatinom cikin kumburin ta wannan tiyon, ko a buɗe kai a matse wuyansa da ɗan maƙali. Ita yayata buɗewa aka yi don a bar reshen yana aiki.

Kafin lokacin ki sa ido kan tansiyon Inna, in kuma ciwon kai ya sare ta farat ɗaya irin wanda ba ta taɓa ji ba, da amai ko sanƙarar wuya, ko tsakar dare ne ku kai ta likita. Faifan sikanar ma ki riƙe shi da kanki in za ku tafi, mu mun manta namu a gida sai da aka bi mu da shi a mota.