Yadda za a haɗa hotunan abu mai girma su zama hoto ɗaya mai launi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe, aikina a kan fumfuna ne da nake renon ta a kwanon gwaji. Kullum da safe ina ɗaukar hotonta da waya, yanzu ina da hotuna 10. Malamina yana son hoto guda da zai nuna iya inda ta kai kowace rana, kowace rana da launinta. Na ɗora su kan juna a wata manhajar waya, sai hoton ƙarshe ya rufe sauran. Yaya zan yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam. 'Yar'uwa, dole na ƙarshen ya rufe sauran, domin fumfunar ranar 10 ta ƙunshi duk wurin da ta ranar farko ta mamaye, har da ƙari. Wannan aikin kwamfuta yake so. Ki sauke Fiji, kyauta ce. Ita ce ImageJ da aka haɗa mata kayan aiki; ImageJ kuwa manhajar nazarin hotuna ce da Wayne Rasband ya rubuta a cibiyar binciken lafiya ta Amurka, NIH, aka fitar da ita a 1997.

Ki kwashe hotunan da kebul, kada ki tura su ta WhatsApp a matsayin hoto, yana matse su. Ki sa su a folda ɗaya da sunaye 01, 02, har 10, ki buɗe ta File, Import, Image Sequence. Sai Image, Type, 8-bit, launin asali ya tafi. In wayar ta ɗan gusa tsakanin ranaku, Linear Stack Alignment with SIFT da ke Plugins, Registration zai daidaita su.

Yanzu ki shiga Image, Adjust, Threshold, ki ja ma'aunin har sai fumfunar kaɗai ta rinu, gefen kwanon da bayansa ba su shiga ba, ki danna Apply. Ki natsu a nan, don duk ingancin aikin daga nan yake. Daga nan sai Image, Stacks, Z Project, ki zaɓi Sum Slices.

Ga abin da ke faruwa. Kwamfutar tana ƙirga sau nawa kowane ɗigon hoto (pixel) ya kasance cikin fumfunar. Tsakiya, inda aka dasa ta, yana cikin hotuna 10 duka, don haka adadinsa ya fi kowa. Bakin da ta kai a ranar ƙarshe kuwa hoto ɗaya kawai ya fito. Idan kika je Image, Lookup Tables, kika zaɓi Fire, kowane adadi zai ɗauki launinsa, zobe cikin zobe kamar yankakkiyar albasa. Zobe mai faɗi, fumfunar ta yi sauri a ranar ke nan. Siriri, ta rage sauri.

Za ki ga wasu suna ba da shawarar Temporal-Color Code da ke Image, Hyperstacks. Ya dace da abin da ke motsi daga wuri zuwa wuri, kamar ƙwaro mai tafiya. A kan abin da ke faɗaɗa a wuri guda launukan cakuɗewa suke, tsakiya ya yi fari fat, shi ya sa ban ba ki shi ba.

Abu ɗaya nake roƙonki: kada ki miƙa hoton babu bayanin wane launi ne wace rana, kuma babu ma'auni. In za ki sake gwajin, ki kafe wayar a wuri ɗaya, ki kulle haske da fokas, ki rufe taga ki yi amfani da fitila guda, ki ajiye rula a gefen kwanon. Da rular ne Analyze, Set Scale zai mayar miki da ɗigo zuwa milimita, ki iya faɗa wa malaminki nisan da fumfunar ta ci a kowace rana.