Zanen da rana ke tonawa a jikin baƙar mota

Ka tambaye ni jiya da la'asar ina tsakiyar haɗa fenti, ban samu sukunin ba ka amsa yadda ya kamata ba. Ka ce ka bi murfin injin baƙar motar nan ta Alhaji da injin goge har sau biyu, a cikin rumfa tana ƙyalli kamar madubi, amma da aka turo ta waje rana ta doke ta, sai ga zane-zanen nan masu kama da saƙar gizo suna nan daram, har da wasu sababbi da ke bin mutum kamar inuwa in ya gusa. Kana so ka san ko ka ƙara wa injin gudu, ko ka ɗauko man goge mai kaushi. Ko ɗaya kada ka yi, ɗana. Jawo benci ka zauna.

Abin da nake so ya fara zama a kanka shi ne, injin nan ba ya cike zane. Ci yake yi. Fentin mota hawa uku ne a kan ƙarfe: na share fage a ƙasa, launi a tsakiya, sai ruwan sheƙi na sama da muke ce wa berni. Duka ukun a motar da ta fito daga kamfani ba su cika wuce mikiron 100 zuwa 150 ba, mikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Bernin shi kaɗai wajen mikiron 40 ne zuwa 50, wato bai kai kaurin takardar littafin makaranta ba. A cikin wannan ƴar fatar zanen yake kwance. Ka san yadda kunya da kwarinta suke a gonar gyaɗa. Zane shi ne kwarin, lafiyayyen berni shi ne kunyar. In ka ɗora inji, kunyar kake aske wa har ta sauko daidai da kwari, haske ya rasa gefen da zai kama, ido ya ce zane ya tafi. Bambancinsa da gona, ƙasar da ka kwashe a nan ba ta komawa ko'ina. Ta tafi kenan. Duk bin da ka yi wa motar Alhaji jiya ka rage masa wani abu da ni da kai ba mu iya mayarwa sai da bindigar feshi.

Shi ya sa tambayarka ta tsorata ni. Mai neman ƙarin gudu da ƙarin kaushi tun bai san abin da ya ɓata aikin farko ba, garin neman gira zai rasa ido.

Zanen nan ma da kake gani zagaye-zagaye, ba zagayayyu ba ne. Ɗauki tocilar wayarka ka haska ƙofar baya, ka matsar da ita a hankali. Za ka ga da'irar tana bin hasken duk inda ya je. Dubban ƙananan zane ne miƙaƙƙu, kowanne da inda ya dosa, waɗanda suka gitta wa hasken ne kawai ke walƙiya, sai su haɗu su yi wa rana rawani. Baƙar mota ba ta fi fara samun su ba, ta dai fi ta tonon asiri.

Daga ina suke zuwa kuwa, ai kai ma ɗan garin nan ne na Maraɗi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ba ta barin mota ta kwana da tsabta. Ƙurar nan garin yashi ce, yashi kuwa ya fi berni tauri nesa ba kusa ba. Da safe direba ya fito da tsumma busasshe ya hau shafe mota daga gaba har baya don maigidansa ya gan ta fes. Wannan da a ce ya ɗauki takardar gurzar ƙarfe duk ɗaya ne. Sai masu wankin bakin titi su ƙarasa: bokiti ɗaya, garin sabulun wanki, soson da ya faɗi ƙasa aka ɗauka aka karkaɗe, wanda aka wanke taya da shi a hau rufi da shi. Motar da ke zirga-zirga tsakanin nan da Ɗan Isa zuwa Katsina, ko ta bi hanyar Damagaram, a wata uku ta gama tara abin da zai cinye mana yini biyu.

Kafin inji ya taɓa mota, wanki ne, wanki na gaske, ruwa ya fara kwashe ƙurar tun hannu bai sauka ba. In ta bushe, sa hannunka cikin leda mai shara-shara ka shafa murfin. In ka ji tsaki-tsaki, akwai abin da ya manne, feshin wani aiki ko kwalta ko ƙaron itace, sai an cire shi da lakar goge mota da ruwan sabulu. In ka bar shi, soson inji zai tsince shi ya yi ta juya shi a kan fenti sau dubu a minti. Jiya na lura ba ka yi wannan ba.

Sannan ka gwada zanen da farce. Wanda farce ya wuce bai ji shi ba, namu ne. Wanda farce ya tsaya a ciki ya yi zurfi, sai dai a rage masa kaifin baki a bar shi. In ka ga fari ko toka-toka a ƙasansa, ya riga ya huda launi, wannan aikin feshi ne, ka gaya wa mai mota gaskiya tun da wuri.

Zafi kuma. A watan Afrilu garin nan yana haura digiri 40 a inuwa, baƙin murfi a rana kuwa ko tafin hannu ba ka iya ajiyewa a kai. Man goge a kan ƙarfe mai zafi bushewa yake tun bai yi aiki ba, ya zama gari, ya daskare a soso. Aikin goge na bayan asuba ne zuwa hantsi, a cikin rumfa, an yayyafa wa ƙasa ruwa don kada iska ta tayar da ƙura.

Inji iri biyu muke da su, jiya kuwa ka ɗauki wanda bai kamace ka ba tukuna. Babban nan mai juyi ɗaya, kamar dutsen niƙa, yana ci da sauri yana kuma tara zafi wuri guda. Ƙaramin yana juyi yana kuma rawa gefe da gefe, shi ya sa ba ya bin layi ɗaya sau biyu, in ka danna shi da yawa ma tsayawa yake. Shi ne na mai koyo. Ja layi da alƙalami a bayan farantinsa: in layin yana zagayawa kana aiki, in ya tsaya yana karkarwa kawai, ka danne da yawa ko ka karkace. Kuma kada in sake jin wani a garejin nan ya ce zai ɗaura soso a injin yankan ƙarfe na masu walda don wai duk juyi ne. Wancan yana yin wajen 11,000 a minti, mu kuwa a babban inji tsakanin 1,000 da 1,500 muke zama.

Ina kamar shekarunka na ƙona kafaɗar gaban motar wani ɗan kasuwa. A kan ƙashin nan da ƙarfe ya lanƙwasa, inda fenti ya fi ko'ina siranta, na tsaya da babban inji ina sauraron hirar da ake yi a bayana. Bai kai numfashi uku ba. Na ɗaga soso na ga shuɗi a jikinsa, a motar kuma wani ɗan tabo mai duhu kamar girman ƙwayar dabino. Maigidana bai ce mini uffan ba, ya miƙo mini takardar gurza. Kwana biyu muka yi muna sake feshin kafaɗar nan a kan kuɗinsa, kuma launin bai taɓa zama daidai da na ƙofa ba. Tun ranar nake liƙa salatif na takarda a kan kowane ƙashi, bakin ƙofa, robar gilashi da tambarin mota kafin in kunna inji. Bamba ma ka yi hattara da ita, roba ce, ba ta watsa zafi kamar ƙarfe.

To ga yadda za ka yi. Zaɓi wuri ɗaya a murfin, santimita 40 a kan 40, ka kewaye shi da salatif. Nan ne wurin gwaji, kuma da mafi laushin abin da muke da shi za ka fara: soso mai laushi, man goge mai laushi. In ya fitar da zanen, shi ke nan, da shi za a gama motar. In bai fitar ba, ka hau mataki ɗaya kawai, ko ka canza soso ko ka canza mai, ba duka biyu a tare ba, don ka san wanne ya yi aikin. Bernin yawancin motocin Japan da ke cika garin nan, su Toyota da Honda, yana da taushi, ba ya son wahala. Na Jamus, irin su Mercedes, ya fi tauri, yakan nemi ƙarin ci. Amma rabin motocin da ake kawo mana an taɓa sake musu feshi a wani wuri, saboda haka sunan da ke gaban mota ba ya gaya maka abin da ke kan ƙofarta. Wurin gwajin ne zai gaya maka.

Ɗigo uku ko huɗu na mai ya isa, kowanne kamar ƙwayar gyaɗa. Ka dangwala a wurin, ka ɗora soso a kan fenti kafin ka kunna, in ba haka ba ka yi wa bango da rigarka ado. Baza shi a lambar gudu ta ƙasa, sannan ka hau lamba 4 ko 5 a ƙaramin inji. Wayar wuta a kafaɗarka, kada ta ja jikin mota. Soso a kwance shimfiɗe, duk fuskarsa a ƙasa. Tafi a hankali, kamar santimita 2 ko 3 a daƙiƙa, wanda a idon mai kallo kamar ba ka son aikin ne. Kowane layi ya hau rabin wanda ya gabace shi, daga hagu zuwa dama, sannan daga sama zuwa ƙasa, sau uku ko huɗu, har man ya koma shara-shara kamar an shafa man gyaɗa. Taɓa wurin da bayan hannu. Ɗumi ba laifi, in ya sa ka janye hannu ka wuce gona da iri.

Kashe inji yana kan fenti, ka goge da tsumma mai laushi mai tsabta. Nan ne aka yaudare ka jiya. Man goge da yawa suna da maiƙon da ke kwanciya cikin zane ya ɓoye shi, mota ta yi kyau a rumfa, wanki biyu ya tone ta. Fesa alkol da aka surka da ruwa, ka share, sannan ka haska tocila a karkace. Abin da ka gani bayan alkol shi ne aikinka.

Sababbin nan masu kama da inuwa kuwa kai ka sa su. Jiya ka yi aiki da soson gashin tumaki a babban inji, ka ɗaga shi yana ci da gefe ɗaya, kana gudu kamar ana kiran salla ta ƙarshe, kuma tun daga farko har ƙarshe ba ka tsabtace shi ba. Na duba shi da yamma, ya yi tauri kamar busasshen ƙanzo. Bernin da ka aske da man da ya bushe duk suna cikinsa suna karce motar. Bayan kowane yanki ana bin soso da buroshi ko a hura masa iska, in ya jiƙe a canza wani. Murfi ɗaya yakan ci soso biyu. Sa'arka ɗaya, irin wannan zanen ba shi da zurfi, soso mai laushi da man gamawa a ƙaramin inji za su ɗauke shi.

Wani abu da zai iya firgita ka wata rana: tsofaffin motoci irin Peugeot 504, da wasu fararen motocin ɗaukar kaya, fentinsu ba shi da berni a sama, launi da sheƙi a haɗe suke. A kansu soso zai ɗauki launi tun bin farko, ba ɓarna ba ce. A motar Alhaji kuwa, in ka ga baƙi a soso, kashe inji ka kira ni.

Ba kowane zane za mu bi ba. In goma sun tafi biyu masu zurfi sun rage, bar su. Bernin nan shi ke tare wa launi rana, motar da aka cinye mata shi a Maraɗi ba ta daɗewa take fara furfura a rufi da murfi, ta dinga ɓarewa kamar fatar maciji. Gara Alhaji ya tafi da zane biyu da sai ya sunkuya zai gani.

In an gama za mu shafa mata kakin kariya, in kuma ja direbansa gefe in nuna masa bokiti biyu, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraye soso, in karɓe tsumman nan da yake ajiyewa a ƙarƙashin kujera. Kai kuma gobe in Allah ya kai mu, kafin ka sake kusantar motar, ɗauko tsohuwar ƙofar nan ja da ke jingine a bayan rumfa. Wanke ta, raba ta gida huɗu da salatif. Uku ka goge su yadda na faɗa maka. Na huɗun ka sa babban inji a kan ƙashinta ka tsaya har sai ta ƙone, ina so ka ƙirga da bakinka daƙiƙa nawa ta ɗauka.