Wa Ya Fara Shirya Gasar Tseren Keke ta Duniya a Fili?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ji cewa UCI, hukumar tseren keke ta duniya, ce ke shirya gasar tseren keke ta duniya da ake yi a fili mai da'ira. Ita ce ta ƙirƙiro ta? Kuma yaushe aka fara?

Amsa: Wa alaikumus salam. A'a ɗan'uwa, gasar ta girmi UCI da shekara bakwai. An fara ta a 1893 a Shikago ta Amurka, lokacin babban baje-kolin duniya, a hannun ICA, ƙungiyar masu keke ta ƙasa da ƙasa, wadda Henry Sturmey, mutumin Ingila, ya jagoranci kafa ta a 1892.

Tsere uku kacal aka yi, kuma masu yi don sha'awa kaɗai aka bari su shiga. Ba'amurke Arthur Zimmerman ya lashe na mil 1 da na kilomita 10. Na kilomita 100 kuwa ɗan Afirka ta Kudu ne, Laurens Meintjes, ya ci. Wannan dogon tseren shi ya fi ba ni sha'awa: kafin babur ya karɓi aikin, mutane ne kan keke mai mazauni biyu ko fiye ke shiga gaba suna tare iska, ɗan tseren ya lafe a bayansu, tayarsa ta gaba kamar za ta taɓa tasu ta baya. In waɗannan suka gaji, wasu su karɓa.

Sai a 1895, a birnin Kolon na Jamus, aka buɗe ƙofa ga masu cin abinci da tseren, su ma a nasu rukuni daban. A 1899 a Montreal ta Kanada, Major Taylor, baƙar fata daga Amurka, ya zama zakaran gajeren tsere, alhali a ƙasarsa wasu filayen ko shiga ba sa barinsa.

Rigimar wakilci ce ta kashe ICA. Birtaniya takan zo da Ingila daban, Sikotilan daban, Ayalan daban, kowacce da bakinta. Abin ya ishi sauran ƙasashe, don haka ranar 14 ga Afrilu, 1900, Faransa da Beljiyam da Italiya da Suwizalan da Amurka suka haɗu a Paris suka kafa UCI, suka bar Birtaniya a waje. Ka ga gādon gasar ta ci, ba ita ta haife ta ba. Mata kuwa sai 1958 aka ba su nasu tseren.