Zan tafi cin rani Legas karon farko, me ya kamata in shirya?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 22 daga wani ƙauye a ƙasar Gumel. Mun kusa gama aikin gona, saura sussukar dawa. Wani ɗan garinmu da ke Legas ya kira ni ya ce akwai aikin gadi da leburanci a wani gini wajen Ajah, na wata 5. Ban taɓa wuce Kano ba. Burina in samo kuɗin taki da ɗan abin da zan ƙara a lefe. Baba ya ce in sayar da buhun gero 2 in yi kuɗin mota. Shin tafiyar za ta biya? Me zan shirya?

Amsa

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya sa a fita a sa'a. Tafiyar tana iya biya, amma tun kana gida za ka ɗaura mata aure da biyan buƙata, don abin da ke cinye kuɗin ɗan ci-rani sabon shiga yawanci abin da bai tambaya ba ne kafin ya hau mota.

Ka sake kiran ɗan garin naku, kuma kada ka ji kunyarsa. Wa zai riƙa biyanka, mai ginin ko ɗan kwangila? Kullum ake biya, ko duk ranar Asabar, ko sai ƙarshen wata? Ranar da siminti ya ƙare aka zauna, akwai kuɗin abinci? A ina za ka kwana? Wannan ta ƙarshe ita ce babba. A Legas haya ta shekara ake karɓa gaba ɗaya, ga kuɗin dillali ga na rubuta yarjejeniya, don haka mai zaman wata 5 ba shi da abin yi da kama ɗaki. Idan gadin ya haɗa da makwanci a cikin ginin, wannan kaɗai ya fi ƙarin albashi. Idan kuwa mutumin ya ce maka "kai dai zo, Allah zai rufa asiri", to babu aiki a hannu tukuna, zato ne kawai. Ka nemi ya haɗa ka da foman, wato mai kula da ma'aikatan ginin, a waya, ka ji adadin kuɗin daga bakinsa.

Sai lissafi. A ce ana biyanka naira 6,000 a yini. Kada ka ninka da 30. Lahadi ba a aiki, akwai ranar ruwan sama, akwai ranar da kaya ba su iso ba, akwai ranar zazzaɓi. Ka ninka da 20, ka cire ci sau 2 a rana da ruwan sha, wanda saye za ka yi, ka cire katin waya da sabulu, sannan ka cire kuɗin mota zuwa da dawowa. Tsakanin Kano da Legas kusan kilomita 1,000 ne, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya zama abin da ake zama a yi wa shawara. Abin da ya rage bayan wannan shi ne ribar tafiyar. Ka auna shi da abin da za ka iya samu kusa da gida, a noman rani na fadamar Haɗeja ko dako a kasuwar Dawanau. Wani lokaci Legas ce ke rinjaye, wani lokaci ba ita ba.

Maganar gero kuwa, ba na son in ja da Baba, amma ka lallaɓa ka nuna masa. A yawancin shekaru hatsi ya fi araha a kaka, ya fi tsada idan damina ta yi nisa rumbu ya yi ƙasa. Buhun da ka sayar yanzu kana iya sayensa da tsada a watan Yuli, da kuɗin da ka sha rana ka samo. Idan akwai ɗan akuya ko kaji, ko wake da riɗi da aka noma don sayarwa, su ya kamata a taɓa. Kuma duk abin da ka sayar, ka ware kuɗin dawowa daban, kada ka taɓa shi ko da yunwa. Mutumin da ba shi da kuɗin komawa gida, duk abin da aka yi masa sai ya haƙura.

A hanya za a ba ka shawarar hawa tirelar shanu ko ta albasa don sauƙi. Da yawa suna yi, ni dai ban ba ka shawara ba. Ban da haɗarin faɗowa, mota cike da samari a saman kaya ita ce jami'an tsaro da 'yan sintiri ke fara tarewa a Kudu, musamman tun da jihohin Yarbawa suka kafa rundunar sintiri ta Amotekun a 2020. Ka shiga motar fasinja daga tasha, inda ake rubuta suna. Ka riƙe takardar NIN a jikinka, da layin waya mai rajista da sunanka. Kada ka ɗauki wuƙa, adda ko wani ƙarfe da sunan kare kai. Abin da ya faru a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025, inda aka kashe mafarauta 16 da ke hanyar komawa Kano daga Fatakwal, ya isa ya nuna yadda zargi ke zama ajali a inda ba a san ka ba.

Idan ka sauka, kafin komai ka sa a kai ka ka gaida manya. Hausawa sun daɗe a Agege, Idi-Araba, Mile 12, Obalende da Alaba Rago, kuma kusan duk inda suka taru akwai Sarkin Hausawa da limami. Baƙo ko da ido makaho ne. Ranar da aka hana ka haƙƙinka, ko aka kama ka a samame, wanda ya san fuskarka a masallacin unguwa shi zai tsaya maka.

Gadin gini yana da wani tarko da ba a faɗa wa sabon zuwa. Duk abin da ya ɓace, mai gadi ake fara kamawa. Ranar da za ka karɓi aiki, ka sa foman ya tsaya ku ƙirga buhunan siminti, sandunan rodi, wayar lantarki, injin ba da wuta, har shebur da baro. A rubuta, ka ɗauki hoto da wayarka. Duk wanda ya zo ɗaukar kaya da dare, ko ƙanin mai gida ne, ka kira foman a gabansa. Kada ka bar abokai su mayar da wurin masauki, kuma kada ka sayar wa 'yan jari-bola ko guntun ƙarfe, ko da an yar da shi. Sannan ka duba jikinka: wanda ya yini yana hawa bene da kwanon kankare a ka, ba zai iya kwana ido biyu ba. A nan ne wani zai miƙo maka tiramol ya ce maganin gajiya ne. Ƙwayar nan ta mayar da samari da yawa gida ba kuɗi ba lafiya. Gara ka zaɓi ɗaya cikin ayyukan biyu. Ka tafi da gidan sauro kuma, don sauron Legas ba ya tafiya hutun rani.

Idan aikin ya tsaya, za ka ji ana cewa ka karɓi babur ka yi acaɓa. Ka sani Ajah tana cikin ƙaramar hukumar Eti-Osa, ɗaya daga cikin 6 da gwamnatin Legas ta hana acaɓa kwata-kwata tun 1 ga Yunin 2022, daga baya aka ƙara wasu. Babur ɗin da aka kama murƙushe shi ake yi, bashin mai shi kuma yana wuyanka.

Yanzu ga inda na fi so ka saurara. Kada kuɗi su kwana a jikinka. A da ɗan ci-rani yana ba mai masauki ko mai shagon unguwa ajiya, kuma akwai amintattu har gobe, amma an sha ganin mai ajiya ya juya kuɗin a kasuwa, ranar tafiya a fara ba ka haƙuri. Ka buɗe asusun banki da sunanka tun kana Gumel, ko irin na waya kamar OPay da Moniepoint. Duk mako ka je wajen mai POS ka zuba, ka tsaya sai saƙo ya shigo wayarka, kuma lambar sirrinka ba ta aboki ba ce. Abin da za ka tura gida, ka tura wa mutum ɗaya, da sunan abu ɗaya: wannan na taki ne, wannan na tunkiya ne. Kuɗin da aka tura ba suna, biki da suna da gaisuwar rasuwa ne ke cinye su, kuma ba wanda za ka ce ya yi maka laifi. Taki kuma a saye shi a ajiye tun watan Maris ko Afrilu, kafin kowa ya ruga kasuwa. Lefe ya biyo baya, tunda gonar ce za ta ciyar da amaryar.

Idan ka tafi a Disamba, wata 5 zai kai ka ƙarshen Afrilu, daidai lokacin sharar gona da kai taki. Ruwan Legas yana sauka tun Maris, kada ya ruɗe ka ka taho da wuri, a ƙasarku shuka sai wajen Yuni. Amma kuma kada a riƙe ka da "saura kaɗan mu gama". Dabarar da wasu 'yan kwangila ke yi ita ce su riƙe kuɗin makonnin ƙarshe don kada lebura ya tafi. Ka faɗa wa foman ranar tafiyarka wata guda kafin ta zo, a gaban ɗan garinku, kuma ka nemi a share maka duk bashin baya saura mako 2. Ka duba kalanda kuma, idan ranar ta faɗo dab da Sallah ka matso da ita ko ka ɗan jinkirta, don a makon nan motocin Arewa cika suke yi, kuɗinsu kuma tashi yake.